Raddi Ga Masu Cewa Ido Ya Isa Gane Dabino

Daga Aujara har Dutse, a wuraren sayar da dashe, ana yawan jin cewa gwajin ƙwayar halitta wahalar banza ce, wai gogaggen manomi da ya dubi ganye da ƙaya ya san namijin dabino da macensa, har ma da irinsa. Maganar tana da daɗin ji, amma asara take jawo wa manoma.

Batun idon nan shi ne mafi rauni. A dabino namiji daban yake, mace daban, kuma idan aka shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, waɗanda ba za su taɓa yin 'ya'ya ba. Jinsin ba ya bayyana sai bishiya ta yi fure, bayan shekara 4, 5 ko fiye. To, ko makaho aka sa ya yi canke ai zai dace a rabi! Inda aka dace shi ake tunawa, inda aka kuskure kuwa an sare bishiyar, ban-ruwan shekaru ya tafi a banza, mai sayarwa kuma ya daɗe da cinye kuɗinsa. Wane mai dashe ne ya taɓa sa wa tsiro ɗari alama, ya rubuta cankensa, ya jira fure ya gaskata shi? A 2011 masu bincike na kwalejin likitanci ta Weill Cornell da ke Ƙatar sun karanta ƙwayar halittar dabino nau'in Khalas, suka gano alamomin da ke bin jinsi. Da ɗan guntun ganye ake gwajin, tun tsiron yana cikin leda.

Sai batun iri. Ƙwallon dabino nau'in Ajwa ba ya haifar da Ajwa tsantsa, domin rabin gadonsa daga namijin da ya yi barbarar ne, wanda galibi ba a san shi ba. Ganye ba ya faɗin uba.

Suna kuma cewa gwajin yana da tsada. Ba kowane manomi ake nema ya buɗe ɗakin gwaji ba. Aikin cibiyoyi ne irin tashar dabino ta NIFOR da ke Dutse, su tantance kafin dashe ya isa kasuwa. Hakan zai rage asarar rainon maza, domin namiji ɗaya yana isar mata masu yawa idan aka yi barbara da hannu.

Wai kakanni ba su yi gwaji ba. Ai su ma ba su amince da ido ba, shi ya sa masanan cikinsu suke ciro ɗan da ya tsiro a gindin uwar da suka riga suka ɗanɗana.