Iya Ruwa Fidda Kai: Komawa Iyo Bayan Raunin Gwiwa

Ya kai ɗalibi, idan ka tashi a Suleja, da wuya a ce ba ka san kogin Iku ba. A cikinsa na koyi iyo ina yaro, lokacin rani, sa'ad da ruwa ya ja baya duwatsu suka fito fili. Shekaru da yawa bayan haka, a wani wasan ƙwallo tsakanin malamai da ɗalibai, na kafa ƙafata ta dama a ƙasa na juya da sauri, sai na ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwata. Kafin magariba gwiwar ta kumbura, ko durƙusawa na kasa yi. Abin da ya biyo baya ya koya mini darasi, shi ya sa nake so in gaya maka ra'ayina a fili: wanda ya ji rauni a jijiyar gwiwa ya kamata ya koma ruwa, domin ruwa yana taimakon gwiwa mai jinya ƙwarai. Amma ya koma mataki-mataki, da izinin likita, kuma a ruwan da ya san zurfinsa.

Bari mu fara da kalmar jijiya, domin tana rikita mai koyon Hausa. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran abin da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa jijiya, yana kuma kiran igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi jijiya. Wannan ta ƙarshe ita muke nufi a nan. A gwiwa akwai manyan irin waɗannan jijiyoyi guda huɗu, masu riƙe ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Biyu suna gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ne ke hana gwiwa karkacewa hagu ko dama. Sauran biyun suna can tsakiya, sun gitta juna, su ne ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya. Jijiyar gefe ta ciki takan warke ba tare da tiyata ba, idan aka tallafe gwiwar aka ba ta makonni. Ta tsakiya ta gaba kuwa jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, saboda haka idan ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Shi ya sa ake yi wa 'yan wasa da yawa aiki a dasa musu wata.

Ka ga ke nan ba duk raunin gwiwa ne iri ɗaya ba, kuma matakin farko shi ne sanin wanne ya same ka. A nan na yi kuskurena na farko. Na tafi wurin wani mai ɗori, ya shafa, ya ja, ya ce targaɗe ne, ya ɗaure. Ban raina sana'ar ɗori ba, tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma mutane suna zuwa can ne saboda kusa take, kuɗinta kuma da sauƙi. Sai dai hannu ba ya ganin abin da ke cikin gwiwa. Ko hoton ƙashi na asibiti ƙashi yake nunawa, jijiya ba ta fitowa a cikinsa. Likitan ƙashi ne yake gwada gwiwar da hannu ta hanyoyin da ya koya, in ya ga da bukata ya tura a yi hoton MRI, wanda ke nuna jijiya da tsoka. Mutumin Suleja yana iya farawa daga babban asibitin garin, daga nan a tura shi gaba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ba shi da nisa sosai, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda ya daɗe da shahara a wannan fanni. Ni dai da aka duba ni, sai aka tarar jijiyar gefe ta ciki ce ta yage, ba ta tsinke duka ba. Aka sa mini abin tallafar gwiwa, aka haɗa ni da likitan gashi, wanda ake kira fisiyo.

To, me ya sa nake cewa ruwa yana taimako? Ka tuna darasin kimiyya. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya bayyana cewa ruwa yana tura duk abin da aka tsoma a cikinsa zuwa sama. Saboda haka idan ka tsaya cikin ruwa iyakar ƙugu, ƙafafunka suna ɗauke da kusan rabin nauyinka ne kawai. Idan ruwan ya kai ƙirji, abin da ya rage musu bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Idan ya kai wuya, kusan kashi ɗaya cikin goma ne. Ɗalibi mai nauyin kilo 60 zai ji kamar kilo 30 a ƙugu, kusan 20 a ƙirji, kusan 6 a wuya. Gwiwar da ba ta iya tafiya a tudu sai da ɗingishi tana iya takawa daidai a cikin ruwa. Bayan haka ruwa yana tare motsi ta kowane gefe a hankali, sai tsoka ta yi aiki ba tare da an buga ƙafa a ƙasa ba. Matsin ruwan kuma yana taimakawa wajen rage kumburi.

Kuskurena na biyu shi ne gaggawa. Da na ji ciwo ya lafa, ban tambayi kowa ba, na shiga ruwa na fara iyon kwaɗo, wato irin iyon da ake buɗe ƙafafu a naɗe su sannan a harba su gefe. Shi na fi iyawa tun ina yaro. Ban san cewa wannan harbin yana jan jijiyar gefe ta ciki kai tsaye ba, wato daidai wurin da raunina yake. Washegari gwiwar ta sake kumbura, na koma inda na fito. Hausawa suna cewa sauri ya haifi nawa, ma'ana wanda ya cika gaggawa shi yake makara. Abin lura a nan shi ne, ciwo yakan tafi tun kafin jijiya ta gama ƙarfi. Rashin jin zafi bai isa shaida ba.

Masana sun auna wannan. A shekarar 2016 wasu masu bincike daga Norway da Amurka sun bibiyi 'yan wasa fiye da ɗari waɗanda aka yi wa dashen jijiyar tsakiya. Sun gano cewa duk wata ɗaya da ɗan wasa ya ƙara jira kafin ya koma fili, har zuwa wata tara, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. Idan kana kallon ƙwallon Ingila ka san Virgil van Dijk na Liverpool. Jijiyarsa ta tsakiya ta tsinke a watan Oktoba na 2020, bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Yuli na 2021, alhali yana da likitoci da kayan aikin da ni da kai ba mu da su. Gaskiya ne iyo ya fi ƙwallo sauƙi ga gwiwa, kuma ana komawa gare shi da wuri. Duk da haka darasin ɗaya ne, jijiya tana da nata lokaci.

Bayan kumburi na biyu sai na faɗa cikin kuskure na uku, wato tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na yi watanni ina lallaɓa ƙafar, ba na son ko hawa matakala. Ran nan likitan gashi ya ɗauko awo ya zagaya cinyoyina biyu, sai ga ta dama ta fi ta hagu sirancewa. Ya bayyana mini cewa tsokar cinya ita ce mai gadin gwiwa, idan ta rame gwiwa ta rasa mataimaki. Zama wuri ɗaya ma cuta ne. Na san matasa da suka daina kowane irin wasa saboda rauni guda, suka ɗauka sun nakasa, alhali abin da ya rage musu motsa jiki ne bisa tsari.

Ga tsarin da aka bi da ni, kuma shi ne wanda masana gashi suka saba bi, ko da yake likitanka ne zai faɗi lokacin kowane mataki. Da farko, ba a shiga ruwa sai miki ya rufe sarai idan an yi tiyata, kumburi ya sauka, kuma ƙafa tana miƙewa sosai. Na biyu, a fara da tafiya cikin ruwan da ya kai ƙirji, gaba da baya, na 'yan mintoci. Na uku, a yi iyo da hannuwa kawai, a matse wani abu mai yawo a kan ruwa tsakanin cinyoyi don ƙafafu su huta. Na huɗu, a ƙara kaɗa ƙafafu sama da ƙasa a hankali, motsin yana fitowa daga ƙugu, gwiwa ba ta lanƙwashewa sosai. Iyon kwaɗo shi ne na ƙarshe. A shiga ruwa ta matakala, kada a yi tsalle, kada kuma a tokari bango da ƙarfi wajen juyawa. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne safiyar gobe. Idan gwiwa ta wayi gari a kumbure, an wuce gona da iri, sai a koma matakin baya. Kuma iyo shi kaɗai ba ya mayar da ƙarfin cinya duka, dole a haɗa da atisayen tudu da likitan gashi ya tsara.

Wataƙila ka ce, malam, duk wannan na mai kuɗi ne, mu kogi muke da shi. Maganarka tana da ƙamshin gaskiya. Wuraren iyo da aka gina da siminti akasarinsu a otal-otal suke, ana biyan kuɗin shiga, wanda ke babban filin wasa na ƙasa a Abuja kuma sai an hau mota. 'Yan mata sun fi shan wahala, domin da wuya su sami wurin da aka keɓe musu lokaci. Duk da haka ba zan ce ka kai gwiwa mai jinya kogi ba. Ƙasan kogi ba a daidaice yake ba, duwatsunsa suna da santsi, kuma zamewa ɗaya ta isa ta rushe jinyar wata uku. Da damina ruwa yana da ƙarfin da ko mai ƙafa lafiya ba ya ja da shi. Wanda ya taɓa ganin magangarar Gurara a watan Agusta ya san abin da nake nufi. Akwai kuma tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Tsutsarta tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi na rafi da kududdufi, tana huda fatar mutum ta shiga jiki ko da babu miki. Idan babu halin zuwa tsabtataccen wurin iyo, gara a tsaya kan atisayen tudu har gwiwa ta yi ƙarfi. Zuwa sau ɗaya a mako ma ya fi babu.

Wannan ne ya kawo ni ga kira. Jihar Neja jihar ruwa ce, kogin Kwara da na Kaduna da na Gurara duk suna ratsa ta, kuma ba baƙon labari ba ne a ji kwalekwale ya kife da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da wannan asara. A irin wannan jiha iyo ilmin tsira da rai ne. Me zai hana makarantun Suleja su haɗa kai su yi yarjejeniya da masu wuraren iyo, a ba ɗalibai sa'o'in safe a kan kuɗi kaɗan, a ware ranar 'yan mata da malama mai kula da su, a kuma bar wa masu jinya gefen da ba shi da zurfi?

Hausawa suna cewa iya ruwa fidda kai. Gwanin iyo shi ne wanda ya shiga ya fito lafiya. Na koma iyo sosai bayan kusan shekara guda, da zan kuma iya komawa tun kafin haka in da na bi tsari daga farko. Idan kai ko abokinka ya ji irin wannan rauni, ku fara da likita, ku riƙe atisaye, sannan ku shiga ruwa ta matakala.

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar jijiya kamar yadda marubucin ya bayyana.
2. Waɗanne kurakurai uku marubucin ya ce ya yi?
3. Me ya sa iyon kwaɗo yake zuwa a matakin ƙarshe?
4. Bayyana ma'anar waɗannan: ɗori, targaɗe, ɗingishi, santsi, tsargiya.
5. Ka yarda da kiran da aka yi wa makarantu? Rubuta sakin layi ɗaya ka kare ra'ayinka.