Wanda Ya Kawo Kwano, Shi Zai Koma da Shi

Akwai sana'ar da ta bunƙasa a biranenmu cikin 'yan shekarun nan, wato kai kaya gida-gida bisa tsari. Ma'aikaci ya biya kuɗin wata, kullum da azahar a kai masa abinci ofis. Uwargida ta yi rajista, duk Asabar a kawo mata yogot ko kunun aya. Sana'a ce mai kyau, amma ina da ƙorafi a kanta. Ƙofar da ɗan aike ya ƙwanƙwasa yau, ita zai ƙwanƙwasa gobe, amma duk zuwa sai ya bar sabuwar roba da sabuwar leda, ya juya da babur ɗinsa wayam.

Mu yi lissafi. Mai abincin da ke da kwastoma 100, tana kai masu kwana biyar a mako, roba 500 take rabarwa duk mako, 26,000 ke nan a shekara. Ita ta sayi robar, amma ba ita za ta ɗauki nauyin ƙarshenta ba. Kwata ce za ta ɗauka, sai kuma mutanen unguwar da ruwa zai shiga ɗakunansu da damina idan magudana ta toshe. Arahar da ake yabon roba da ita, wani ne can yake biyan cikon kuɗin.

Masu wannan sana'a suna kafa hujja uku, kuma kowace tana da amsa.

Ta farko, wai karɓo mazubi wahala ce. A birnin Mumbai na Indiya, masu kai abincin da ake kira dabbawala sun fara aiki tun 1890. Kafin annobar korona, mutum kusan 5,000 ne suke kai abinci kimanin 200,000 a kullum, a kan kekuna da jiragen ƙasa, kuma da yamma kowane kwano ya koma gidan da ya fito. Alamomin fenti a kan murfi su ne manhajarsu. Mu ma nan, ɗan garuwa bai taɓa barin jarkarsa a gidan kowa ba. Tukunyar gas ana mayarwa a cika, kiret ɗin lemo yana komawa kamfani da kwalabensa. Wanda ke da waya da jerin adireshin kwastomominsa, da wane baki zai ce ɗan garuwa ya fi shi tsari?

Ta biyu, wai mutane ba za su dawo da kwano ba. Maganin wannan kuɗin ajiya ne. A Jamus, kwalbar da ake sake cikawa tana ɗauke da ajiyar santi 8 ko 15, wadda ake amfani da ita sau ɗaya kuwa santi 25. Kowa ya san abin da aka ɗora wa kuɗi ba a jefa shi a bola. Mai kai kaya duk mako ma ya fi mai shago sauƙi, domin ya san gidan, kuma zai koma.

Ta uku ita ce tsafta, kuma ita ce mai nauyi. Kwanon da ba a wanke da kyau ba yana iya kwantar da gida guda. Sai dai wannan hujja ce ta neman ruwan zafi, sabulu da wurin wanki na musamman. Gidan abincin da muke amincewa da farantinsa idan mun zauna a ciki, me zai hana mu amince da kwanonsa idan ya aiko?

Ban ce tsarin ba ya faɗuwa ba. Kantin Tesco na Birtaniya ya gwada shi tare da kamfanin Loop daga 2020, ya dakatar a 2022. Darasin da nake gani shi ne, mazubi mai ƙwari ya fi roba tsada da nauyi, ba ya mayar da kuɗinsa sai ya yi zagaye da yawa. Idan mai saye na lokaci-lokaci ne, ko wurin wanki ya yi nisa, lissafin ba zai fita ba. Shi ya sa ban tsananta wa mai tuwon bakin tasha ba, wadda mai sayenta matafiyi ne. Maganata da masu kwastoman dindindin ce a cikin gari ɗaya, waɗanda duk sharuɗɗan nasara suna hannunsu.

Lokaci kuma ba ya jira. A Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta mazubin abinci na soso, farin nan da ake kira tekawe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hankali zai sayi kwanonsa na silba, biyu ga kowane kwastoma, ɗaya a gida ɗaya a hanya, tun kafin doka ta tilasta masa.

Mu masu saye ma muna da laifi. Iyayenmu sun aika tuwo maƙwabta a langa, langar ta dawo a wanke, wani lokaci har da tukuici a ciki. Mu ne muka ɗauki roba a matsayin wayewa. Idan wata ya ƙare aka tuntuɓe ku kan sabunta rajista, ku tambaya ko akwai kwanon da ake mayarwa. Idan an ce babu, ku nemi jin dalili kafin ku tura kuɗin.