Jirgin ƙasa na cikin birni

Ƙasar Matameye ba ta da dogo, amma ta daɗe da sanin jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Daga nan gujiya ta yi daraja. Shekara da shekaru gujiyar Matameye da ta Kance da ta Magarya tana bin hanyar Kano, da fari a kan raƙuma da jakuna, daga baya cikin manyan motoci. A can ake jibge buhunan har su yi tsayin dutse, abin da Kanawa ke kira dalar gyaɗa, sa'an nan jirgi ya kwashe zuwa bakin teku a Legas. Tsofaffin da suka yi fatauci sun san wannan jirgi. Baƙi ne wuluk, yana cin gawayin da ake haƙowa a Inugu, yana tuƙa hayaƙi, in ya yi kuka ana jinsa daga nesa. Wani reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930.

To, akwai wani iri dabam, shi ne zancen wannan wata. Shi ba ya zuwa gari mai nisa. Cikin birni guda yake kai da kawowa, daga unguwa zuwa unguwa, ko daga tsakar birni zuwa garuruwan gefensa. Tashoshinsa kusa da juna suke. Ba a kwana cikinsa, ba a loda masa buhuna. Wani yana bi ta ƙarƙashin ƙasa cikin dogon rami, wani yana bi ta sama bisa ginshiƙai na siminti. Galibinsu da lantarki suke tafiya. Faransawa suna ce masa metro, sunan kuma ya bi duniya. Na farko an buɗe shi a Landan ta Ingila a 1863, kuma a lokacin mai hayaƙi ne, mutane na cikin rami suna tari. Paris ta yi nata a 1900. A Afirka birnin Alƙahira ta Masar ne ya fara, a 1987.

Dalilin yin sa ba wuya. In mutanen gari suka kai miliyoyi, motoci kan cushe hanya, kamar garke goma a bakin rijiya guda. Shi kuwa jirgi hanyarsa tasa ce shi kaɗai. Ba amalanke, ba babur, ba mai talla.

Wanda ƴan ci-ranin ƙasar nan suka fi gani shi ne na Legas. Layi biyu ne, kowane da launinsa. Shuɗin layi ya fara ɗaukar mutane a watan Satumba na 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, tasha biyar. Jan layi ya fara a watan Oktoba na 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27. Shi jan layin yana tsayawa a Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro, inda kuma babbar mahauta take, wadda shanun arewa da na Nijar ke ƙarewa. Ba a ba direba kuɗi a hannu, ba a ciniki da yaron mota. Kati ake saye, sunansa Cowry, watau wuri, irin kuɗin kakanni. A zuba masa kuɗi, a ɗora shi bisa wata na'ura a bakin ƙofa, ƙofa ta buɗe.

Yawancin mutane suna shiga don su isa wurin aiki. Amma akwai masu shiga don sha'awa kurum, cikinsu har da ƴan arewa masu gadi da masu shayi da masu wankin takalma. Mai irin wannan sha'awa ba ya zuwa da sassafe, lokacin da ma'aikata ke matse juna kamar buhuna cikin sito. Sai hantsi ya ɗaga, tarago ya yi sarari, sa'an nan ya zo. Ba ya gaggawar zama. Gefen taga yake nema. In ƙofofi suka rufe da kansu, sai ya kasa kunne, domin jirgin lantarki ba ya ruri irin na mota. Wani siririn kuka yake farawa da shi, yana hawa a hankali har ya daidaita, sa'an nan sai ƙarar ƙarfe bisa ƙarfe. Daga Marina jirgin yana bisa ginshiƙai, ya ƙetare ruwa. Mutumin da ya tashi cikin tudu da jigawa, wanda babban ruwan da ya sani shi ne tabkin damina, sai ga shi yana kallon manyan jiragen ruwa daga sama. Can ƙasa kuma ga motoci sun yi jerin gwano, ba gaba ba baya. Tafiyar da mota kan ɓata fiye da awa, shi bai kai rabin awa ba ya sauka. Sai ya haye ɗaya gefen, ya sake ɗora kati, ya komo inda ya fito. Bai sayi komai ba, bai gai da kowa ba, amma ransa ya yi fari.

Irin wannan mutum ya san tashoshi a jere kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya san inda jirgi ke rage gudu don kwana, ya san ƙofar da za ta tsaya daidai da matakala. Ba a Legas aka fara ba. A Ingila tun shekarun 1940 akwai yara da manya masu wuni a tasha da ɗan littafi, suna rubuta lambar kowane jirgi da ya wuce, in sun haɗu su gwada wa ya fi yawa. Wani zai ce wannan rashin aikin yi ne. Amma wanda ya taɓa tafiya Damagaram takanas don ya ga hawan salla, ya tsaya cikin rana yana kallon dawaki, bai kamata ya yi musu dariya ba.

Akwai masu cewa ɓarnar kuɗi ce, mutum ya bar iyali a ƙauye ya je yana yawo cikin jirgi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya in har rumbu ya ƙare a gida kuma ba a aiko da kuɗin hatsi ba. Amma in ya aika da na gida, ya ajiye na taki da na mota, abin da ya rage nasa ne. Da ya ƙone shi a taba ko ya zubar a caca, gara ya ga birnin da yake wahala cikinsa.

Ga inda karatu ya shigo. Jirgin birni ba ya jiran kowa, ba yaron mota mai kiran sunan gari yana jan hannun riga. Sunan tasha rubuce yake a allo. Cikin tarago akwai zanen layi, da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo tasha ce da sunanta. Ana faɗin sunan ta lasifika, amma da Turanci, cikin hayaniya. Wanda ya san baƙaƙen boko, ko bai ji Turanci ba, zai iya haɗa A, g, e, g, e ya gane ya iso. Wanda bai sani ba sai ya yi ta tambaya, ko ya wuce tasharsa ya sake biya. Na'urar bakin ƙofa kuma tana nuna kuɗin da ya rage a kati da lamba. Wanda ya koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci ba mai cutarsa a nan.

Alhazai ma sun ga nasu. A aikin hajjin 2010 aka fara amfani da jirgin da ke haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa. Tsawonsa wajen kilomita 18, bisa ginshiƙai, tasha tara, kowane wuri uku. Jirgi guda yana da tarago 12, yana ɗaukar mutum wajen 3,000. Kwanakin hajji kaɗai yake aiki, sauran shekara yana hutawa. Ba kowane ayari ke samun shigarsa ba, da yawa a mota suke tafiya. Tashoshinsa kuwa lamba gare su: Mina 1, Mina 2, Mina 3. Dattijon da ya iya karanta lamba ba zai rabu da ayarinsa cikin wannan taro ba.

A nan gida fa? A 2014 aka fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, kamfanin Bolloré na Faransa ya yi aikin, aka yi bukin buɗewa a farkon 2016. Ƙarfen ya kwanta, amma jigilar fasinja ba ta kankama ba. Abuja ma ta buɗe jirgin birninta a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, sai a watan Mayu na 2024 ya sake tashi. Shimfiɗa ƙarfe aiki guda ne. Samun wuta, da kayan gyara, da ma'aikata masu zuwa kan lokaci kullum, wannan shi ne mai wuyar.

Wanda ya fi shafar ƙasar Matameye shi ne dogon Kano zuwa Maraɗi. A watan Fabrairu na 2021 shugaban Nijeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Tsawonsa kilomita 284 ne, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Har ƙarshen 2024 ana cikin aiki. Ba jirgin birni ba ne, amma ƙa'idarsu ɗaya: tikiti, lokaci, da sunan tasha a rubuce. Ya kuma fi tsohon dogon Kano faɗi. Tsakanin ƙarafan tsohon akwai mita 1 da santimita 7 ba kaɗan, na sabon mita 1 da santimita 43 da rabi. Saboda haka jirginsa zai fi gudu nesa ba kusa ba.

Makiyayan da ke gangarawa ƙasar Daura da Kazaure da rani su ne za su fara haɗuwa da shi, tun kafin masu sha'awa. Jirgi ba ya kaucewa, ba shi da sitiyari. Ƙafarsa ƙarfe ce bisa ƙarfe, santsi gare ta. In yana cikin gudu da kaya, ko direba ya hango garke ya taka birki, yakan ci kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya. Saniya ba ta san wannan ba, yaron da ke kiwo ma bai sani ba sai an gaya masa. A ƙetara a inda aka yi mahaya, ko ta yi nisa. Kada a bar dabba ta yi kiwo a gefen ƙarfe don ciyawar wurin ta yi kyau. Kada yara su zauna bisa dogo, kada su ɗora masa dutse. Wanda ya je Legas kuma ya kiyaye shuɗin layi, domin akwai ƙarfe na uku a gefen biyun, shi ke ɗauke da wutar, taɓa shi mutuwa ne.

Ardo-ardo da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya ya kamata su tambayi hukumomin wancan gefe tun yanzu inda burtali zai ratsa dogo, ko ta ƙarƙashin gada ne ko ta sama, su zo su shaida wa mutanensu kafin kaka. Ga mai son hawa kuwa, daga Matameye a bi ta Ɗan Barto a ƙetara iyaka, tashar Daura ce za ta fi kusa.