"Na Gani a Facebook" Ba Bincike Ba Ne

Maƙalar wannan mako za ta ɓata wa wasu rai, amma gara mu faɗa wa juna kafin bare ya faɗa mana.

Mun koyi wata mummunar ɗabi'a: mu kwafo hoto ko sharhi daga waya, mu liƙa a rubutu, mu kira shi bincike. Mu ɗauki bikin kamun kifi na Argungu, nan kusa da mu mutanen Gwadangaji. An faro shi a 1934, ya tsaya kusan shekara goma, ya dawo a Maris 2020. Hoton ƙaton kifi daga Matan Fada ba ya faɗin shekararsa da bakinsa. Mu nawa ne ke sa shi a Google Lens don gano inda ya fara fitowa kafin mu ce "na bana ne"?

Haka ma ra'ayi. Sharhi hamsin a ƙarƙashin hoto ba shi ne ra'ayin Kabawa ba, ra'ayin masu data ne. Masuncin da ya shiga ruwa da homa wataƙila bai taɓa buɗe Facebook ba.

Wani zai ce: "Mu marubuta ne, ba malaman jami'a ba." To, mai karatu ya yarda da mu ne, kuma yarda amana ce. Masanan da suka fitar da NaijaSenti a 2022 sun tattara saƙonnin Twitter na Hausa, suka sa mutane tantance su ɗaya bayan ɗaya, suka bayyana yadda suka yi. Wannan bayyanawar ba ta buƙatar digiri.

Ga abin da muke nema. Mu rubuta ranar da aka wallafa abu, da adireshinsa, da wanda ya fara sa shi. Mu adana shafin a Wayback Machine, domin intanet ba rumbu ba ne: OkadaBooks ta rufe a 2023, an toshe Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Saƙon zauren WhatsApp kuwa, mu nemi izinin mai shi, mu sakaya sunansa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga yau, duk wanda ya kawo mana "an ce" a wannan zaure, za mu tambaye shi: wa ya ce, yaushe, a ina?