Zuwa Zanzibar da damina: arha ce, amma kar a taɓa uwar kuɗi

Ɗan kasuwar Nijar ba baƙon hanya ba ne. Daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai mutanenmu suna zuwa Kwatano da Lome, suna zuwa Dubai da ƙasar Sin, amma kowace tafiya da lissafin kaya ake yin ta, a dawo gida da gajiya. Yanzu kuma ga wata irin tafiya ta shigo cikin wayoyinmu: hotunan farin rairayi da shuɗin teku, ana cewa a zo tsibirin Zanzibar a huta, an karya farashi. Abin da mai talla bai cika faɗa ba shi ne, farashin yana karyewa ne a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ake ruwa can kamar da bakin ƙwarya. A ganina, ga wanda Allah ya hore wa rara, wannan lokacin ne ya fi dacewa da mu mutanen Sahel. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake su zai gane cewa arha ba ta ado.

Zanzibar dai tana cikin tekun Indiya, a gabashin Afirka. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma a 1964 ta haɗu da Tanganyika aka kafa ƙasar Tanzaniya. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, harshensu Suwahili. Damina biyu gare su a shekara: babba, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, da ƙarama wajen Nuwamba da Disamba. Ruwan da ke sauka a watan Afrilu kaɗai ya kusa wanda Damagaram ke samu a shekara guda.

To mene ne ke kawo arhar? Duk mai sayar da tumatur ta san amsa. Ɗakin otel kamar ɗanyen kaya yake: daren da ya wuce ba kowa a ciki, ba a iya ajiye shi a sayar gobe. Turawa, waɗanda su ne manyan masu zuwa, rana suke nema domin ba su da ita a gida. Da ruwa ya sauka sai su ɗauke ƙafa, wasu otel-otel su rufe don gyara, waɗanda suka rage kuma su sauke farashi, su yarda da ciniki.

Mu kuwa me za mu yi da rana? A watannin nan biyu ne zafi ke wuce awo 40 a garuruwanmu, ana kwana a tsakar gida ana fifita, ana duban gabas ko hadari zai taso. Mutumin da ya baro wannan hali ya iske ƙasa kore shar, ga ruwa ga iska mai laushi, bai yi asarar komi ba. Abin da Bature ke gudu, mu rahama muke kiran shi. Sau da yawa ruwan kan zuba da ƙarfi sannan ya ɗauke, ko da yake wani lokaci yakan wuni har ya kwana. In ya ɗauke, ga tsohon birnin nan da ake kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ga kasuwar Darajani, ga gonakin kanumfari da masoro da kirfa, duk babu turereniya.

Akwai kuma darasi ga ɗan kasuwa, domin fatauci ne ya gina Zanzibar. Iskar arewa maso gabas ita ke kawo jiragen ruwan Larabawa da Indiyawa daga wajen Disamba, su zauna su yi ciniki, sannan iskar kudu ta mayar da su gida in ta juyo. Ribar wannan fatauci da ta kanumfari ce ta sa Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya maido da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840. Fataken nan sun san abin da kakanninmu masu ayarin Bilma da Gwanja suka sani, wato kowace tafiya da lokacinta.

Na san wani zai ce, a wannan tsadar rayuwa wa ke zancen hutu a bakin teku? Gaskiya ne, mafi yawanmu abin sawa a tukunya suke nema, kuma wannan tafiya ba ta kowa ba ce. Amma akwai hajiyar da ta shekara talatin a rumfa ba ta taɓa rufe ta don ta huta ba, sai ranar da hawan jini ya rufe mata ita. Jiki magayi. In irin wannan ta ware wani abu daga ribarta ta je ta ga ikon Allah, ban ga laifinta ba.

Sharaɗi na farko shi ne, kar a taɓa uwar kuɗi, kar a ci bashi, kar a kwashi adashen da aka yi niyyar ƙara jari da shi. Otel ne ke arha, hanya tana nan da tsadarta. Babu jirgin da ke tashi daga Yamai ya sauka Zanzibar kai tsaye, sai an canza a wani gari kamar Adis Ababa. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 kuma, duk baƙon da zai shiga sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dalar Amurka 44, wato wajen jika 25 na sefa. Ɗan Nijar tun daga gida yake neman biza ya jira a amince, kuma dole ya riƙe katin rigakafin cutar shawara. Duk wanda ya ce maki, Hajiya, ki biya kawai za a gyara komi a filin jirgi, to ki riƙe jakarki. A nemi sunan otel a rubuce, a tabbatar yana buɗe a ranakun, a kuma san abin da za a mayar in tafiyar ta fasa.

Na biyu, kar a ce za a sayo kaya a fanshe kuɗin jirgi. Kanumfari da rana ake shanya shi, kuma duk mai awo ya san kayan da ya sha laima yakan yi nauyi a sikeli, ya zo gida ya yi fumfuna. Bayan haka, kamfanin gwamnati ne ke sayen kanumfari daga hannun manoma, ba a fitar da shi buhu-buhu yadda aka ga dama. A 2025 ma gwamnatin Tanzaniya ta hana baƙi wasu ƙananan sana'o'i, har da sayen amfanin gona a bakin gona. A sayo ɗan na tsaraba, a duba farashi, a karɓi lambar waya. In akwai ciniki, a koma masa da rani da takardun da suka dace.

Na uku, a ji tsoron teku. Daga Darussalam zuwa Zanzibar tafiyar awa biyu ce a jirgin ruwa mai gudu, amma mu ba mutanen ruwa ba ne. A Satumba 2011 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, a Yuli 2012 wani ya kife a hanyar Darussalam, an yi asarar rayuka masu yawa. Duka biyun ba ma cikin babbar damina suka faru ba, balle ranar da hadari ya haɗu. In an ga sama ta yi baƙi, ko an ga jirgi ya cika maƙil, a haƙura a kwana. Haka kuma damina lokacin sauro ne da gurɓatar ruwan sha, kuma a 2016 kwalara ta yi ɓarna a tsibirin. A sha ruwan kwalba, a kwana cikin gidan sauro.

Daga ƙarshe a duba wata kafin a yanki tikiti, tunda watannin Musulunci juyawa suke. Rangwamen otel ba zai biya mai atamfa ko mai raguna cinikin jajibirin salla ba, kuma a bar rumfa hannun wanda aka yarda da shi. Wanda lissafinsa ya cika, ya ɗauki lemarsa ya tafi, gani ya kori ji. Wanda nasa bai cika ba, ya zauna ya ci gaba da nema, tsibirin yana nan ba ya gudu.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi kai matafiya lafiya, shi kuma ba mu tamu daminar lafiya. Amin.