Sadaka Ba Ita Ce Asibiti Ba

Jama'a, akwai wata al'ada da ta zaunu a cikinmu har mun daina ganin muninta. Da zarar liman ya sallame, sai wani bawan Allah ya miƙe riƙe da takardar asibiti, ya ce za a yi wa matarsa aiki, a taimaka masa saboda Allah. Mu kuwa sai mu jefa abin da ya sawwaƙa, mu koma gida muna jin mun sauke nauyi. To, ba mu sauke ba. Sadaka ibada ce, amma ba za ta riƙe lafiyar ƙasa guda ba.

Naƙuda mai gardama, ko ƙaba da ta shaƙe, ko hanjin da taifot ya huda, babu wanda ke jiran kaka ko ƙarshen wata. Kafin a shiga da majinyaci ɗakin tiyata sai an biya kuɗin kati, da na gwaji, da na jini, wani lokaci har safar hannun likita da zaren ɗinki. Sai manomi ya sayar da shanun huɗa, ya jinginar da gonar gado. Majinyaci ya tashi, gida ya kwanta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Wannan ba ƙaddara ce kaɗai ba. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fita. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, amma har yau ana cewa da dangi "a je a nemo kuɗi". Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma mafi yawan talakawa ba sa ciki.

Za a ce mana ai a Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla. To, yaron da hanjinsa ya fashe fa? Ɗan acaɓan da mota ta karya fa? Za a kuma ce babu kuɗi. Amma a 2017 shugaban ƙasa ya shafe fiye da kwana 100 yana jinya a Landan, ba mu ji an zagaya da takardarsa masallaci ba.

Ga marubuta kuma: littafi nawa ne a cikinsu wani Alhaji ke ɓullowa ya biya kuɗin aikin mahaifiyar yarinya, daga baya ya aure ta? Irin wannan labari yana koya wa mai karatu jiran mai tausayi, maimakon neman haƙƙinsa.

Abin da muke nema a fili yake: a yi aikin gaggawa tukuna, a yi lissafi daga baya, gwamnati ta biya wa wanda ba shi da hali. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, mu fara tambayarsa wannan kafin mu karɓi atamfarsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.