Tulin Soso Ba Zai Tsare Maka Idon Sawu Ba

Tun ranar 1 ga Nuwamban 2024 Hukumar Wasannin Guje-guje ta Duniya ta ce duk mai tsere a cikin fili kada kaurin ƙasan takalminsa ya wuce milimita 20. Mai gudu a kan kwalta an bar shi a kan milimita 40 ɗin da aka yanka masa tun 2020. To, mai gudun hawan dutse da ratsa daji fa, wanda ya fi kowa taka wuri mai haɗari? Shi an sakar masa mara. Ko wane irin kauri ya halatta, babu mai aunawa. A 2021 an ƙwace wa Derara Hurisa ɗan Habasha nasararsa a gudun fanfalaki na birnin Viyana saboda takalminsa ya kai milimita 50. Da a bakin kwazazzabo ya yi wannan gudun da takalmin nan, da babu wanda zai ce masa uffan.

Za a ce mini ai dokar nan don adalci tsakanin 'yan tsere aka yi ta, ba don lafiyarsu ba. Na ji. Amma shirun da hukumar ta yi ya zama lasisi a hannun kamfanoni, kuma ya ƙara ɗaure wa wata gurguwar fahimta gindi, wadda yanzu ta iso har wurin matasanmu masu hawan duwatsun Abuja a ƙarshen mako da masu motsa jiki a Dala da Kufena: wai gwargwadon tudun soson takalminka, gwargwadon kariyar da ƙafarka ta samu. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma a kan dutse tana iya sa mutum jinya.

Abin da ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. A kan kwalta ƙafa tana sauka iri ɗaya sau dubu. A hanyar daji kuwa babu taku biyu masu kama da juna. Wannan ya faɗa kan tsakuwa, na gaba kan saiwar bishiya, na bayansa kan gefen dutse da ya karkace. Duk milimita ɗaya da aka ƙara tsakanin tafin ƙafarka da ƙasa ƙarin ƙarfi ne ga abin da zai murɗe maka idon sawu idan takalmin ya kifa gefe. Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota da aka yi wa lodi har ya tashi sama tana shan kwana a gangara ya san abin da nake nufi. Sannan soso mai laushi sosai yana toshe saƙon da tafin ƙafa ke aika wa ƙwaƙwalwa. Kafin ka ji cewa ka taka ba daidai ba, aikin gama ya gama. Targaɗen idon sawu yana cikin raunukan da suka fi addabar masu gudu a irin waɗannan hanyoyi, kuma wanda ya gurɗe sau ɗaya ya fi saurin sake gurɗewa.

Har ma iƙirarin cewa tulin soso yana rage dukan da ƙafa ke sha bai tsaya da ƙafafunsa ba. A 2018 masu bincike a Finlan suka gwada masu gudu da takalmi mai tulin soso da kuma takalmi na gama-gari, suka tarar dukan ya fi ƙarfi a cikin mai tulin, musamman idan an ƙara sauri, domin jiki da kansa yana ƙanƙame ƙafa idan ya ji ƙasa ta yi laushi. A shekarar nan dai wani binciken a jihar Oregon ta Amurka, wanda aka yi da mata, ya ga kusan abu ɗaya. Masu tallar takalma sun fi son ambaton binciken Luksambok na 2020, mai mutum 848, inda takalmi mai laushi ya rage rauni. Abin da ba sa faɗa shi ne, takalman biyu da aka gwada tsayinsu ɗaya, laushi ne kawai ya bambanta su, kuma masu ƙaramin jiki ne suka fi cin moriyar.

Akwai kuma wata kalma da kamfanoni suka daɗe suna tallatawa, wai takalmi mai daidaita ƙafa. A duba tafinka a ce shimfiɗaɗɗe ne, don haka sai ka sayi mai tauri ta ciki. Rundunar sojan Amurka ta gwada wannan a kan dubban ƙuratan sojoji: aka ba wasu takalmi gwargwadon siffar tafinsu, aka ba wasu iri ɗaya ba tare da dubawa ba. Yawan raunin bai bambanta ba. Duk da haka har yau ana sayar da wannan tatsuniya da tsada.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ba yau aka fara juya mu ba. A 2009 littafin Born to Run ya fito, duniya ta ruɗe da cewa gudu ba takalmi shi ne lafiya. Aka tono tarihin Abebe Bikila da ya ci zinare a Rum a 1960 da ƙafa tsirara, aka riƙa sayar da wani siririn takalmi mai yatsu biyar na kamfanin Vibram. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da aka shigar kan alƙawuran lafiyar da ya yi a tallarsa. A waccan shekara ta 2009 ɗin ce kuma wasu Faransawa biyu, tsofaffin ma'aikatan kamfanin Salomon, suka kafa kamfanin Hoka da niyyar yin takalmin da zai sauƙaƙa gangarowa daga dutse a guje. Yau robar Vibram ce a ƙarƙashin wasu daga cikin manyan takalman Hoka. Wato wanda ya ci kuɗinka lokacin da aka ce ka cire soso, shi ne yake cin kuɗinka yanzu da aka ce ka tula shi. Waɗanda muka yi ta ce-ce-ku-ce da su a wancan lokacin, suna rantsuwa cewa takalmi ne ke lalata gwiwa, su ne yau suke yawo a kan tudun milimita 40, kuma ko kunyar waiwayen maganarsu ta baya ba sa ji.

Na san za a kawo mini Jim Walmsley, wanda ya lashe tseren zagaye dutsen Mon Bilan a 2023, kusan kilomita 170, sanye da Hoka. Mutumin da gudu ne sana'arsa, wanda ya tare a ƙasar Faransa musamman don ya saba da duwatsun, wanda kamfani ke ƙera takalmi yana tambayar ra'ayinsa, shi za ka kwatanta da ma'aikacin ofis da ke hawa dutse ranar Asabar? Ku bar wannan zancen.

Sai kuma namu na gida, wanda ya fi komai ba ni haushi: gwanjo. Da yawa daga cikin masu gudu a ƙasar nan ba sabon takalmi suke saya ba, daga dila ake fasa musu shi a Ƙofar Wambai ko Katako ta Jos. Ban raina gwanjo ba, ya rufa wa miliyoyi asiri. Amma soson takalmin gudu yana da wa'adi, masu sana'ar da kansu sukan ce tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ya gaji. Bature ba ya yar da takalminsa sai soson ya mutu. Kuma ba ya mutuwa daidai wa daida, yana lotsawa ne ta ɓangaren da mai shi na farko ya fi dannawa. Idan siriri ne, karkatar ba ta da yawa. Idan tuli ne, ka sayi gangara ka ɗaura a ƙafarka, kullum tana tura idon sawunka waje guda. Ɗan gwanjo zai wanke shi tas, ya cusa masa takarda ya miƙe, ya danna maka soson da babban yatsa ya ce, “Ji laushi, Alhaji, ai wannan ko ƙusa ka taka ba za ka ji ba.” To ai rashin jin nan shi ne matsalar. Ga kuma jabu, mai tambarin babban kamfani da ƙasan roba mai santsi, wanda yara masu tallar kaya a TikTok suke ɗagawa suna yaba launinsa, alhali ba su taɓa gangarowa daga ko da tudun shara da shi ba.

Kuma wa zai wayar wa mutane da kai? Jami'an wasanninmu da suka bar tseren dutsen Obudu ya yi shiru? An fara shi a 2005, ana ba wanda ya zo na ɗaya dala 50,000, baƙi suka yi ta zuwa suna kwashewa, ba a taɓa zaunawa an gina 'yan gida da kuɗin da ya kai haka ba. Yaran Pankshin da sauran tsaunukan Filato, waɗanda su ne ƙashin bayan dogon gudu a Najeriya, har yau da abin da suka samu suke atisaye. Maƙwabtanmu na Kamaru kuwa tun 1973 suke tseren hawan dutsensu a Buya, dutsen da ya haura mita 4,000, kuma Sarah Etonge ta lashe shi sau bakwai. Ƙarfin ƙafa da sanin hanya ne suka kai ta, tun kafin a fara wannan yayi na soso.

Kada a ce ina kiran mutane su koma gudu da silifa. Soso yana da amfani, musamman ga mai doguwar tafiya a kan fako ko burji, da mai nauyin shekaru. Amma kafuwar takalmi a kan dutse daga wasu wurare take fitowa: faɗin ƙasansa, yadda ya riƙe dunduniya ba ta zamewa, yadda igiya ta ɗaure tsakiyar ƙafa, da haƙoran roba na ƙasa masu zurfin milimita 4 ko 5 da za su ciji marmara da taɓo. Ka gwada takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita. Ka bar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsunka, in ba haka ba gangara za ta cire maka farce. Ka tsaya da ƙafa ɗaya a cikinsa. In kana tangaɗi a kan simintin shago, kada ka kai shi dutsen Shere. In gwanjo ne, ɗora shi a kan tebur ka dube shi ta baya, in ya karkata ka ajiye masa kayansa komai arahar sa.

Masu horar da yara da shugabannin ƙungiyoyin hawan dutse, ku ake saurara. Ku daina tura sababbin shiga su sayi mafi tudu a kasuwa. Ku sa su fara da matsakaici mai faɗin ƙasa, ku koya musu tsayuwa da ƙafa ɗaya da ƙananan taku a gangara, sannan a yi maganar ƙarin soso.